Tsohon kaya, sabon farashi: abin da wani farfesa ya gano

Malam Edita, assalamu alaikum.

Shekara 19 ke nan ina riƙe da shagon kayan masarufi, kuma ban taɓa ganin azumin da ba a kira mu marasa tausayi ba saboda kuɗin sukari da man gyaɗa. 'Yata da ke karatun tattalin arziki ce ta gaji da mitata, ta zaunar da ni ta ba ni labarin wani malami Ba'amurke, Richard Thaler. Dalilin ɗaukar birona ke nan.

An haife shi a 1945 a jihar New Jersey. Ya yi digirin digirgir a Jami'ar Rochester a 1974, ya daɗe yana koyarwa a Jami'ar Cornell, ya koma Jami'ar Chicago a 1995, sannan a 2017 aka ba shi kyautar Nobel. Littattafan fanninsu sun ɗauki mai saye tamkar na'urar lissafi, ba ya fushi, ba ya jin an cuce shi. Shi kuwa tun yana ƙaramin malami ya riƙa jera halayen mutane da suka saɓa wa littafi a allon ofishinsa. Da ya zauna a bencina na mako guda, da allon nan bai ishe shi ba.

Aikinsa da ya fi taɓa ni shi ne na 1986, wanda ya yi tare da wasu malamai biyu, Daniel Kahneman da Jack Knetsch. Sun buga wa mutanen Toronto da Vancouver a Kanada waya suna tambayarsu. Mai shago yana sayar da shebur na kwashe ƙanƙara dala 15, aka kwana ana zuba ƙanƙara, da safe ya mayar da shi dala 20. Kashi 82 cikin ɗari suka ce wannan ba adalci ba ne. Da aka ce sari ne ya tashi, mai shago ya ƙara daidai abin da aka ƙara masa a kan latas, kashi 79 suka ce babu laifi. Ashe mai saye yana iya haɗiye ƙarin kuɗi, abin da ba ya yafewa shi ne ya ga ka ci ribar matsuwarsa. Wannan na yarda da shi ɗari bisa ɗari, domin na ga kwastoman da ya bar ni shekara biyu a kan naira hamsin.

Inda muka rabu da mutanen Kanada shi ne tambaya ta uku. Mai shago yana da tsohon kaya jibge, ya ji sari ya tashi, ya ƙara kuɗi a kan wanda ke ajiye. Kashi 79 suka ce ya zalunta. To, Malam Edita, bayan 29 ga Mayu 2023, da aka janye tallafin man fetur, kunyar maƙwabta ta sa na sayar da buhu goma na sukari a tsohon farashi. Na ɗauki kuɗin kaf, har da ribar, na nufi kasuwar Singa, buhu takwas na dawo da su. Buhu biyu sun tafi ba ɓarawo ba gobara. Wanda ya amsa tambaya ta waya yana zaune a falonsa bai san uwar kuɗi tana narkewa a hannu ba. Thaler dai bai ce masu amsar suna da gaskiya ba, cewa ya yi haka zuciyar mai saye take, kuma ɗan kasuwar da ya yi biris da ita zai gani a aljihunsa daga baya.

Yanzu duk ranar da na yi sabon sari, rasidin nake maƙalawa a jikin kanta. Tsohon kaya kuma na raba ƙarin biyu, na ɗauki rabi, mai saye ya ɗauki rabi. Wata dattijuwa da ba ta karatu ta sa jikanta ya karanta mata takardar jiya, ta yi tsaki, ta zagi masu sari, sannan ta ce in auna mata kwano biyu.

Naka,
Wani mai shago, Gwammaja, Kano.