Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Ƙaramar Hukuma Kan Sauro Da Sa Ido Kan Annoba

Mai girma Shugaba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ranka ya daɗe, na zaɓi in rubuto maka a bainar jama'a ne saboda maganar ta shafi kowane gida da ke ƙarƙashin kulawarka, ta kuma shafi duk wanda ke zaune a kan kujera irin taka a ko'ina yake. Magana ce kan sashen lafiya na ƙaramar hukuma, musamman ma'aikata iri biyu da ba a cika waiwayarsu ba: masu yaƙi da sauro, da masu sa ido kan ɓullar cututtuka.

Na san yawan buƙatun da ke kan teburinka, na kuma san cewa ginin asibiti abu ne da jama'a ke gani da idonsu su yaba. Ba na raina gini ko kaɗan. Sai dai da yawa daga cikin mutanen da ke cika gadajen asibitin nan, da an yi wani ƙaramin aiki makonni biyu ko uku kafin su kwanta, da ba su kwanta ba. Wannan aikin kuwa babu wanda ya fi ka kusa da shi, ko gwamna ko minista.

Bari in fara da sauro. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya ya ƙiyasta cewa a shekarar 2023 an samu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro sau miliyan 263 a faɗin duniya, kuma mutum kimanin 597,000 suka rasu. Kashi 95 cikin ɗari na mace-macen a nahiyar Afirka suka auku, kuma kusan uku cikin kowane huɗu na waɗanda suka rasu a nahiyar yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Tun 1897 Ronald Ross ya gano ƙwayar cutar a cikin cikin sauro. Fiye da shekara ɗari da ashirin ke nan da sanin mai laifi, amma har yanzu iyaye mata na kwana zaune da yaro mai jijjiga a cinya.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake kashe kuɗin yaƙi da sauro ba tare da an tambayi wane sauro ake yaƙa ba. Sauro ba iri ɗaya ba ne, kuma kowane iri da inda yake hayayyafa. Wanda ke cika kunne da kuka da dare, mai fitowa daga kwata da ruwan ƙazanta, galibi nau'in Kuleks ne, kuma ba shi ke kawo maleriya ba. Mai kawo maleriya shi ne Anofilis, kuma manyan nau'o'insa a Afirka sun fi son ruwa mai ɗan tsabta da rana ke duka: ramin da aka ɗebi ƙasa, sawun taya a kan hanya bayan ruwan sama, gefen kududdufi, gonar da ruwa ya kwanta. Na uku shi ne Edis, mai zanen fari da baƙi a ƙafafu, wanda ke yaɗa zazzaɓin shawara da denge da zika. Shi da rana yake cizo, don haka gidan sauro ba ya tsare mutum daga gare shi yadda ya kamata. A cikin tsohuwar taya yake zuba ƙwai, da gwangwani, da durom ɗin ruwa marar murfi, kuma ƙwansa kan yi watanni a bushe yana jiran ruwa ya taɓa shi.

To idan aka ɗora injin hayaƙi a bayan mota aka zaga titi da yamma, me aka yi? An kashe sauron da ya ci karo da hayaƙin a wannan sa'ar, shi ke nan. Tsutsar sauron da ke cikin ruwa tana nan lafiya lau, kuma daga ƙwai zuwa sauro mai fiffike bai fi mako ɗaya zuwa biyu ba idan ana zafi. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta ba da shawarar feshin sararin titi a matsayin hanyar yaƙi da maleriya ba. Abin da ta tsaya a kai shi ne gidan sauro mai magani da feshin bangon ɗaki na ciki, wanda maganinsa ke zama a jikin bango na watanni, ya kashe sauron da ya sha jini ya sauka ya huta. Zuba maganin tsutsa a ruwa kuma yana taimakawa a wuraren da matattarar ruwan ba su da yawa, suna wuri ɗaya, kuma ana iya gano su.

Wannan sharaɗi na ƙarshe, wato a iya gano su, shi ne aikin ƙaramar hukuma tsantsa. Babu wani ofishi a babban birni da zai san inda bututun ruwa ya fashe yana tara ruwa a bayan makaranta, ko inda mai facin taya ya jibge tsofaffin tayoyi a fili. Duba-gari ne zai sani, idan yana nan, idan kuma yana fita. Ina roƙonka, ranka ya daɗe, ka sa a zana taswirar kowace unguwa da duk wata matattarar ruwa a cikinta kafin ruwan sama ya sauka, a ba kowane ma'aikaci yankinsa da sunansa, ya riƙa zagayawa duk mako da ludayin ɗiban ruwa yana duba tsutsa yana rubutawa. Da irin wannan bi gida-gida, da rufe mazubin ruwa da cike ramuka, William Gorgas ya kawar da zazzaɓin shawara daga birnin Habana na ƙasar Kuba a 1901, tun kafin a ƙirƙiro magungunan feshi na zamani da allurar rigakafin cutar.

Amma a yi adalci wajen duban. Talaka ba zai saurari duba-garin da ya ci shi tara saboda gwangwani ɗaya ba, alhali yana kallon ramin da ɗan kwangilar hukuma ya haƙa ya bari cike da ruwa wata da watanni. Hukuma ta fara da nata: makarantu, kasuwanni, tashoshin mota, harabar asibiti, da wuraren da ake gini da kuɗin jama'a. A sa cike rami a cikin sharuɗɗan kowace kwangila, kada a biya kuɗin ƙarshe sai an cike. Kuma a biya duba-gari haƙƙinsa a kan kari, domin ma'aikacin da aka bar shi da yunwa aka kuma ba shi ikon cin tara, an jefa shi cikin jarrabawa.

Akwai sabon haɗari da ya kamata mutanenka su san da shi. Wani nau'in Anofilis da asalinsa daga kudancin Asiya da yankin Larabawa yake, wanda masana ke kira stephensi, ya bayyana a Jibuti a 2012, sannan a Habasha da Sudan a 2016, a Najeriya a 2020, a Ghana da Kenya a 2022. Yana ɗauke da maleriya, amma a tankin ruwa da durom yake hayayyafa kamar Edis, don haka birni ya fi masa daɗi, kuma rani ba ya hana shi. Ba za a san ya shigo gari ba sai an kama tsutsa an kai wa masu bincike. Haka ma batun maganin feshi: sauro a ƙasashe da dama ya daina jin rukunin maganin da aka daɗe ana sakawa a gidan sauro. Gwajin gane haka ba mai wahala ba ne. Ana saka sauro a bututu mai takardar magani na sa'a ɗaya, a ƙirga matattu bayan sa'a 24. Idan waɗanda suka mutu ba su kai kashi 90 cikin ɗari ba, sauron wurin ya fara jure maganin ke nan. Kafin ka sa hannu a takardar sayen magani, ka nemi a nuna maka sakamakon wannan gwajin na yankinka. Jami'a ko cibiyar bincike mafi kusa za ta iya taimakawa.

Kada kuma a saki aikin don an ga sauƙi. A ƙasar Siri Lanka an matsa wa maleriya har ta kai mutum 17 kacal aka samu da ita a 1963. Aka sassauta, kafin shekarar 1969 masu cutar sun haura rabin miliyan. Sai a 2016 ƙasar ta samu shaidar kawar da ita, bayan sama da shekara arba'in ana biyan bashin wancan sakacin.

Yanzu ga ɗaya ɓangaren, wato sa ido kan ɓullar cututtuka, wanda a ganina ya ma fi shiga halin ni-'yasu. Kowace annoba da ta girgiza duniya a wata unguwa ko wani ƙauye ta fara, a gaban wani ƙaramin ma'aikacin lafiya. Yaron da ake ganin shi ne na farko a annobar Ebola ta Yammacin Afirka ya rasu ne a watan Disamba na 2013 a ƙauyen Meliandou na ƙasar Gini. Ba a tabbatar da cewa Ebola ce ba sai a watan Maris na 2014. A cikin waɗannan watanni uku cutar ta bi hanya ta tsallaka iyaka, kuma kafin a shawo kanta ta kama mutum sama da 28,000, ta kashe sama da 11,000. A cikin wannan annobar ce wani matafiyi ya sauka da cutar a Legas ranar 20 ga Yulin 2014. Likita Ameyo Stella Adadevoh ta yi zargin abin da ke damunsa, ta hana shi fita daga asibiti duk da matsin lambar da aka yi mata, aka sanar da hukuma. Ita kanta cutar ta yi ajalinta. Ma'aikata suka bi sawun mutum kusan 900 da suka yi hulɗa da masu cutar, suna ziyartarsu kullum suna auna zafin jikinsu. Mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, kuma ranar 20 ga Oktoba aka ayyana ƙasar ta kuɓuta. Yawancin dabarun da aka yi amfani da su, da ma'aikatan da suka san aikin, an same su ne daga shirin yaƙi da shan inna da ke nan tun kafin Ebola ta zo. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Dokokin lafiya na ƙasa da ƙasa na 2005 sun wajabta wa kowace ƙasa sanar da Hukumar Lafiya ta Duniya cikin sa'a 24 idan ta tantance wani lamari mai haɗari. To ƙasa daga ina za ta ji? Daga jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukumarka, shi kuma daga rahoton mako da kowane ƙaramin asibiti ke aiko masa. Ko ba a ga komai ba a makon, dole a rubuto cewa ba a ga komai ba, domin shiru yana iya nufin lafiya, yana kuma iya nufin babu wanda ya duba. Wannan jami'in yana buƙatar babur mai lafiya da man da zai kai shi ƙauye mafi nisa a ranar da aka kira shi, da kuɗin waya, da kwalaben ɗaukar samfur, da akwatin sanyi, da tabbacin cewa samfurin zai isa ɗakin gwaji kafin ya lalace. Idan aka haɗa kuɗin duk waɗannan na shekara, ba za su kama ƙafar abin da ɓarkewar kwalara ɗaya ke ci a mako guda ba. A ware musu layinsu a kasafin kuɗi, a kuma riƙa sakin kuɗin duk wata.

Asibiti kaɗai ba zai wadatar ba, saboda mutane da yawa ba can suke fara zuwa ba. Mai kemis ne ke fara lura cewa maganin gudawa ya ƙare masa cikin kwana biyu. Malamin makaranta ne ke ganin rabin aji ba su zo ba. Ungozoma, mai maganin gargajiya, masu haƙa kabari, shugabannin unguwa da na addini, kowannensu yana ganin wani abu kafin likita ya gani. Likitan dabbobi ma haka, domin murar tsuntsaye da cutar haukan kare daga dabba suke tsallakowa, kuma kajin da suka mutu rututu a gona labari ne da ya kamata sashen lafiya ya ji a ranar. A ba waɗannan mutane lambar waya ɗaya da ake ɗauka dare da rana, a kuma riƙa komawa ana gaya musu abin da aka samu, domin wanda ya kai rahoto sau biyu bai ji komai ba, ba zai kai na uku ba.

Akwai wata magana mai nauyi da nake so ka ji daga bakin ɗan ƙasa. Ma'aikata da yawa suna tsoron kai labarin annoba saboda gudun a ce sun ɓata sunan shugaba ko sun tsorata 'yan kasuwa. Idan kalmar kwalara ko sanƙarau ta zama abin da ake yi wa ma'aikaci faɗa a kai, zai rubuta wani suna mai laushi, cutar kuwa ta ci gaba da ɗibar mutane. Ka faɗa da bakinka a gaban dukkan ma'aikata cewa wanda ya kawo mummunan labari da wuri ya yi maka hidima, ko da gwaji ya nuna daga baya ba abin da ake tsoro ba ne. Ka kuma sa a riƙa liƙa alƙaluman mako a allon sakatariya da na kowane asibiti, jama'a su gani. Mutanen da aka saba gaya wa gaskiya a kwanakin lafiya su ne ke yarda su fito rigakafi ko su killace kansu a ranar tsanani, kuma abin da ya faru a zamanin korona, daga 2020 zuwa 2023, ya nuna mana tsadar rashin wannan yardar.

Idan kana neman ma'aunin da za ka riƙa bibiyar aikin da shi, akwai wanda aka gwada. Ƙasar Sin, wadda a shekarun 1940 take samun masu maleriya kimanin miliyan 30 a shekara, ta kafa ƙa'idar 1-3-7: a kai rahoton mai cutar cikin kwana 1, a bincika inda ya samo ta cikin kwana 3, a ɗauki mataki a unguwarsa cikin kwana 7. A 2021 aka tabbatar ta rabu da maleriya. Kana iya ɗora kowace ɓarkewar cuta da ta auku a yankinka bara a kan irin wannan ma'auni, ka ga a wane mataki aka makara da kuma dalili.

Roƙona, ranka ya daɗe, shi ne a cikin makon nan ka kira shugaban sashen lafiya da jami'in sa ido kan cututtuka da babban duba-gari, su zo da takardunsu. Ka tambaye su asibitoci nawa ne suka aiko rahoton makon jiya a kan lokaci, da kwana nawa samfur na ƙarshe ya yi kafin sakamakonsa ya dawo, da yaushe rabon da a gwada maganin da ake fesawa. Ka sa wannan zama ya zama na kowane wata, da kai a kan kujera, kuma a riƙa sanar da mu abin da aka tattauna.

Allah ya taya ka riƙo, ya kare mu da iyalanmu.

Wassalam,
Ɗan ƙasa mai kishin lafiyar al'umma