Zuwa ga Aminina, kan Turancin Ƙanenka

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa mai yawa, ya aiki, ya kuma ruwan Fatakwal? Mu nan ƙauye an gama yankan gero, ana ta kai dammuna rumbu. Inna tana gaishe ka da kyau.

Maganar ƙanenka ce ta sa na rubuto. Ka ce mini a waya kana tsoron ba ya ja. Wallahi yana ja. Kullum bayan isha'i muna zaure da fitilar caji muna bin tsofaffin tambayoyin JAMB, jarabawar shiga jami'a, kuma na gano inda yake tuntuɓe.

Shekaranjiya na rubuta masa a bayan kwalin sukari: "She ___ in Kano since 2019." Ko numfashi bai yi ba ya zaɓi "is living". Na ce me ya sa? Ya ce, "Yaya, ai tana zaune a Kano tun 2019." Ka gani? Hausarsa daidai take, ita ya ɗauka ya sa wa rigar Turanci. Masu Turanci kuwa in "since" ta zo da shekara irin haka, "has lived" ko "has been living" suke so.

Haka "na ci". Mu magana ɗaya ce, su biyu: "I ate" da "I have eaten". Da zarar "yesterday" ko "ago" ta shigo, ta biyun ta faɗi. Mu muna cewa ya tafi, zai tafi, yakan tafi, "tafi" tana nan ba ta motsa ba. Su aikataun ne, wato kalmar aikin, da kansa yake sauya kama: go, went, gone. Abin da ke ci mini rai shi ne shekara shida yaro yana sakandare ba wanda ya taɓa jera masa harsunan biyu gefe da gefe.

Yanzu na hana shi kallon zaɓin amsa sai ya fara ja wa kalmar lokaci layi. Jiya cikin ashirin ya ci sha shida.

Saura sauri. A JAMB ɗin, Turanci kaɗai tambaya 60 ce cikin 180, duka a awa biyu, kuma a kwamfuta, shi kuwa sau biyu ya taɓa zama gabanta a Ringim. In tsohuwar wayarka tana nan, don Allah ka ba mai zuwa gida ya kawo masa ya riƙa gwaji.

Ka gaida iyali.

Naka amini,
daga ƙasar Ringim