Barka da Sallah daga Jamus

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Baba da Inna, barkanku da Sallah. Allah ya karɓi ibadunmu, ya maimaita mana, ya ƙara muku lafiya da nisan kwana. Ina gaida Yaya da iyalinta, da yaran gida baki ɗaya. Mu ma nan an sauko idi lafiya, sai dai a Jamus ranar Sallah ba ranar hutu ba ce a hukumance. Ma'aikacin da ya samu zuwa masallaci yau, daga hutunsa na shekara ya ciri kwana, kuma tun da wuri ya nema. Wanda ya bari sai an ga wata yakan tarar an riga an fitar da jadawalin aiki, shi ya sa ake neman kwana biyu a jere tunda ba a san ranar da za ta kama ba.

Auta, tunda takardunka na zuwa aiki Jamus sun kusa kammala, goron Sallarka ke nan a cikin wannan wasiƙa. Ka karanta wa Baba da Inna a tsanake, don akwai abin da ya shafe su. Ƙasar nan da takarda da wa'adi take tafiya, kuma yawancin asarar da baƙo ke yi a shekararsa ta farko daga wucewar wa'adi take zuwa.

Da ka shiga gida, kwana 14 gare ka ka yi rajistar adireshinka a ofishin gundumar da kake. Za ka je da fasfo da takardar da mai gidan haya ya sa wa hannu cewa lallai ka tare. Yarjejeniyar haya kaɗai ba ta wadatarwa, nan ne mutane ke shan komowa. Kada ka kama ɗakin da aka ce maka ba a rajista da shi, komai arharsa, domin a kan rajistar nan kusan komai ya rataya. Bayan ita ne za a aiko maka da lambar haraji mai lambobi 11 ta gidan waya. Idan ba ka miƙa lambar a wurin aiki ba, ana iya saka ka a ajin haraji na 6, wanda ya fi kowane aji yankan albashi. Kuɗin yakan dawo idan ka cike takardar haraji bayan ƙarshen shekara, amma kafin nan ka sha wuya. A fom ɗin rajistar akwai gurbin addini. Ka duba abin da aka rubuta kafin ka sa hannu, saboda mambobin manyan coci ana cire musu ƙarin kashi 8 ko 9 cikin ɗari na harajinsu, Musulmi kuwa ba ya biyan wannan.

Ranar da ka tare, ka manna sunan da ke fasfonka a akwatin wasiƙa. Mai raba wasiƙa suna yake bi, idan bai gan shi ba sai ya mayar. Katin banki, katin inshorar lafiya, kiran ofishin baƙi, duk ta nan suke zuwa. Ka buɗe akwatin kullum. Ambulan mai launin rawaya na hukuma ne ko na kotu, kwanan watan da aka rubuta a jikinsa daga shi ake fara ƙirga wa'adi, don haka har ambulan ake adanawa. Wasiƙar da ba ka gane ba, ka kai wa wanda ya iya Jamusanci a ranar.

Baba, ga wurin da nake roƙon ku saurara. Adadin da ke cikin yarjejeniyar aiki ba shi ke shiga hannu ba. Ana cire kuɗin fansho, kashi 18.6 cikin ɗari, ma'aikaci rabi kamfani rabi. Ana cire inshorar lafiya, kashi 14.6 da ɗan ƙari, ita ma a raba biyu. Sai na rashin aiki da na kula da gajiyayyu. Rabon ma'aikaci a waɗannan kaɗai ya kai wajen kashi ɗaya cikin biyar na albashi, kafin a zo kan haraji, wanda ya fi nauyi a kan marar aure. Mafi ƙarancin albashi a 2025 Yuro 12.82 ne a awa, kuma shi ma kafin cire-cire ne. Idan an juya adadin zuwa kuɗin gida sai ya yi girma a ido, alhali haya kaɗai takan cinye babban kaso na abin da ya rage. Ina roƙo a ɗaga wa Auta ƙafa wata shida na farko, kada a jingina masa wata hidima. Yaron da ke jin nauyin gida shi ne ke faɗawa aikin bayan fage, wanda babu rajista babu inshora. Idan ya ji ciwo a irin wannan aiki zai sha wahala kafin ya samu haƙƙinsa, idan aka kama shi kuma izinin zamansa ne a kan siraɗi.

Wata shidan nan kuwa yawanci su ne lokacin gwaji, inda kamfani zai iya sallamar mutum da sanarwar mako biyu ba tare da dogon bayani ba. Abin da ke kayar da sabon zuwa ba ya wuce makara da yin shiru. Idan an ce ƙarfe shida, to ƙarfe shida kana cikin kayan aiki a bakin aikinka. Idan ba ka gane umarni ba ka ce a maimaita. Mu an tarbiyyantar da mu da sunkuyar da kai da cewa "to" a gaban babba, su kuwa idan ka ce "to" sun ɗauka ka fahimta kuma ka ɗauki alkawari. Tambaya ba ta rage maka daraja a idonsu. Ranar da ba ka da lafiya, ka sanar kafin lokacin fara aiki. Ciwon da ya wuce kwana 3 sai da shaidar likita, wasu kamfanonin ma tun ranar farko suke nema, ka duba yarjejeniyarka. Bayan ka yi mako 4 a aiki, albashinka na tafiya har mako 6 na jinya.

Ka san haƙƙinka kuma. Aikin da ya wuce awa 6 yana da hutun minti 30, wanda ya wuce awa 9 minti 45, kuma tsakanin tashi da komawa awa 11. Mai aikin kwana biyar a mako yana da aƙalla kwana 20 na hutu a shekara. Ka riƙa rubuta awanninka a ɗan littafi ka gwada da takardar albashi kowane wata. Sallama daga aiki ba ta inganta sai a takarda da sa hannu, kuma mako 3 kacal ake da su a kai ƙara kotun ma'aikata. Kada ka sa hannu a kan komai a tsaye, ka ce za ka je gida ka karanta. Kafin ka canza wurin aiki, ka duba ko izinin zamanka an ɗaure shi da sunan kamfani, kuma ka nemi sabunta izinin zama tun bai ƙare ba.

Haya iri biyu suke faɗa, mai sanyi da mai ɗumi. Mai sanyi kuɗin ɗaki ne zalla, mai ɗumi ta haɗa da ruwa da shara da ɗumama gida, wutar lantarki kuma galibi daban take. Abin da kake biya na ɗumama ƙiyasi ne, sau ɗaya a shekara ake lissafi, wanda ya bar hita a buɗe dare da rana sai takardar ciko ta same shi. Kuɗin ajiya, wanda mai gida ke riƙewa saboda ɓarna har ka tashi, ba ya wuce haya mai sanyi ta wata uku, kuma doka ta yarda a biya shi kashi uku. Kada ka tura wa kowa kuɗi kafin ka ga ɗaki da idonka. Ranar karɓar makulli ka ɗauki hoton kowane tabo da lambar mita.

Fumfuna ita ce ke cinye kuɗin ajiyar mutane. Tururin girki da wanka da numfashi yana kwanciya a bango mai sanyi, sai ya yi baƙi a lungu da bayan kabad. A kashe hita, a buɗe taga gaba ɗaya minti biyar zuwa goma, sau biyu ko uku a rana, ko da ƙanƙara na zuba. Barin taga a ɗan karkace yini guda ya fi ɓarna, don bangon yake sanyayawa.

Sauran za ka koya da zama. Shaguna a rufe suke ranar Lahadi, sai ka yi sayayya Asabar. Daga ƙarfe goma na dare zuwa shida na safe ba a hayaniya. Shara ana rarraba ta, takarda daban, robobi daban, ragowar abinci daban. Kowane gida na biyan Yuro 18.36 a wata na rediyo da talabijin ko da babu akwatin. Shiga jirgi ko bas babu tikiti tarar Yuro 60 ce. Lambar gaggawa 112. Jamusanci kuwa ka dage da shi tun yanzu, ko awa ɗaya kullum, domin wanda ya kai matakin B1, wato matsakaicin iya harshen, shi ke karanta wasiƙarsa da kansa ya kuma yi magana da likita ba tafinta.

Inna, game da waya: daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba muna gabanku da awa ɗaya, sauran watanni agogonmu ɗaya. A wurin aiki waya a kabad take wuni har a tashi, idan kun kira ban ɗauka ba kada hankalinku ya tashi. Lahadi bayan la'asar ta fi, kowa yana gida.

A gaida dangi da maƙwabta, a ce ina yi musu barka da Sallah. Ku ci gaba da sa mu a addu'a.

Wassalam,
Ɗanku.