A jawo iyaye maza cikin aikin makarantun 'ya'yansu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini domin in yi tsokaci kan yadda mu iyaye maza muka sakar wa mata ɗawainiyar makarantun 'ya'yanmu. A taron ƙungiyar iyaye da malamai na firamaren unguwarmu da aka yi a ƙarshen zangon da ya wuce, mata sun cika ajin maƙil, wasu da goyo, mu kuwa maza ko benci biyu ba mu cika ba.

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ɗora wa iyaye alhakin ganin yaro ya kammala firamare da ƙaramar sakandare, kuma ba uwa kaɗai ta ambata ba. Haka nan kwamitocin kula da makarantu, wato SBMC, sun tanadi kujeru ga mai unguwa da malaman addini da masu sana'ar hannu.

Sai dai ban yarda cewa rashin kulawa ne kaɗai ke hana maza zuwa ba. Taron da aka sa ƙarfe goma na safiyar ranar aiki, lokacin da ɗan kasuwa ke buɗe rumfa, manomi kuma yana gona, tun daga tsara shi an cire maza. Ga shi kuma mun saba cewa duk ranar da yaro ya kawo takardar gayyata, to maganar karo-karo ce, shi ya sa magidanci da yawa ke miƙa wa uwargida kuɗin ya ce ta wakilce shi. Ni ma na sha yin haka.

Shawarata ga shugabannin makarantu ita ce su mayar da taron bayan La'asar ranar Asabar, su bi ta hannun liman a sanar a masallaci, sannan su nemi kowane uba da abin da ya iya. Kafinta zai ji kunyar ƙin gyara bencin da ɗansa ke zama a kai, magini ya toshe katangar da awaki ke shigowa ta cikinta, ɗan sintiri kuma ya riƙa leƙa ƙofa lokacin tashi. Kafin damina ta sauka, akwai ajin da iska ta yaye wa kwano a makarantarmu, kuma da shi nake so mu fara.

Naka,
Wani magidanci daga Zariya