Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Babban Sakataren TETFund Kan Binciken Masana Koyo Da Koyarwa

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, Allah Ya taya ka riƙon wannan amana. Ni shugabar wata makarantar firamare ce ta gwamnati a Jos ta Arewa, kuma na rubuto ne a kan kuɗin bincike da asusunka na TETFund, wato asusun tallafa wa manyan makarantun gwamnati, ke raba wa malaman jami'o'i da kwalejojin ilimi, musamman waɗanda fanninsu shi ne nazarin halayyar yara da yadda suke koyo. Na san dokar 2011 ta keɓe asusun ga manyan makarantu, ba mu cikin masu cin moriyarsa kai tsaye. Amma da yaranmu ake yin binciken, a cikin azuzuwanmu, don haka ina ganin ina da bakin magana.

A yau idan aka ce wane babban masani ne a wannan fanni, yawan takardun da ya wallafa ake nufi. Ana ƙirga maƙaloli, a duba sau nawa wasu suka ambace shi a Google Scholar, shafin intanet mai tattara rubuce-rubucen masana, a duba ko mujallar tana cikin Scopus, rumbun mujallun bincike da aka tantance, sai a fitar da lamba. Ma'aunin da ya fi shahara wajen wannan lissafi ma wani masanin kimiyyar fiziks ne a Amurka, Jorge Hirsch, ya ƙirƙiro shi a 2005. Ban raina ma'aunin ba, yana da amfaninsa. Sai dai shi yana nuna yadda masana ke karanta juna ne kawai. Ba ya faɗin ko akwai yaro ɗaya da ya iya karatu saboda aikin. Kuma tunda ƙarin girma ya rataya a kan yawan takardu, kowa ya san abin da ya biyo baya: bincike ɗaya a yanka shi gida uku, sunaye biyar a kan maƙala guda, da mujallun da in ka biya kuɗi yau, sati mai zuwa takardarka ta fito.

Bari in faɗa maka yadda abin yake isowa gare mu. Idan lokacin rubuta kundi ya zo, sai baƙi su fara sallama a ofishina da wasiƙar gabatarwa da damin takardun tambayoyi. Yawanci tambayoyin Turanci ne, masu akwati huɗu: na yarda sosai, na yarda, ban yarda ba, ban yarda ba sam. A miƙa wa 'yan aji biyar, waɗanda da yawansu ba su gama haɗa baƙi da wasali ba. Malamar aji ce za ta tsaya tana fassara musu da Hausa, yaro ya leƙa ta maƙwabcinsa ya sa alama inda ya ga an sa. Kafin a tashi tara an tattara takardun, an yi mana godiya, an tafi. Daga wannan ne za a fitar da jadawali a kan "dangantakar ƙwarin gwiwa da ƙoƙarin ɗalibai". Ba kowa ke yin haka ba, akwai masu zama a bayan aji su saurara har mako biyu, Allah Ya saka musu. Amma ko su, ban taɓa ganin wanda ya dawo ya ce ga abin da na gano ba.

Tasirin masani na gaske kuwa ba ya ɓuya, kowane malamin firamare a Najeriya yana riƙe da shaidarsa a hannu. Ɗauki katin sakamakon jarrabawa na kowane yaro a Gangare ko Tudun Wada, za ka ga bayan makin darussa akwai gurbin ɗabi'a, irin su tsabta da zuwa kan lokaci da ladabi, sannan gurbin aikin hannu da motsa jiki. Wannan rabo gida uku ya samo asali ne daga aikin Benjamin Bloom na Jami'ar Chicago da abokan aikinsa, wanda kashinsa na farko ya fito a 1956. Duk mai takardar NCE ya haddace matakansa shida, daga tuna abu har zuwa iya yanke hukunci a kansa, kuma da su muke rubuta manufar darasi kowace safiya, ko da wasunmu sun manta sunan mai shi. Abin da ya sa aikin ya yi nisa haka shi ne an tsara shi yadda mai koyarwa da mai shirya jarrabawa za su ɗauka su yi aiki da shi.

Shi Bloom ɗin ne kuma a 1984 ya bayar da rahoton cewa yaron da ake koyar da shi shi kaɗai, ana gyara masa kuskure nan take, yana zarce 'yan ajin gama-gari nesa ba kusa ba, ya kuma ƙalubalanci masana su nemo hanyar samun irin wannan sakamako a aji mai yara da yawa. Ranka ya daɗe, ajin da ake kwatantawa da shi a can yara talatin ne. Mu nan akwai ajin da yara ke zaune har bakin allo, malami ba ya iya ratsawa ya kai bango. Wannan tambaya tamu ce fiye da tasu, kuma masananmu ne ya kamata su amsa ta.

Mun taɓa yin irin wannan aiki a ƙasar nan. A 1970 Farfesa Aliyu Babatunde Fafunwa da tawagarsa a Jami'ar Ife suka fara koyar da wasu yara dukkan darussan firamare da Yarabanci na tsawon shekara shida, Turanci yana matsayin darasi guda, suna gwada su da takwarorinsu. Yaran ba su gaza ba, har a Turancin kansa. Ko mutum ya yarda da koyarwa da harshen uwa ko bai yarda ba, har gobe ba a yin muhawarar sai an ambaci wannan gwaji. Ya ɗauki shekaru, ya ci kuɗi, an rubuta littattafai, an horar da malamai. Da tsarin ƙarin girma na yanzu, matashin malamin jami'a da ya sa kansa a irin wannan aiki zai zauna a mataki ɗaya yana kallon sa'o'insa masu takardun tambayoyi suna wuce shi.

Ga shi kuma abin bincike ya yi mana yawa a Jos. A aji ɗaya za ka sami mai jin Birom a gida, da mai Afizere, da mai Ngas, da Bafulatani, da Bahaushe. A filin wasa Hausa ce ke haɗa su, littafi kuma na Turanci. Da wanne harshe ya fi dacewa a fara koya musu haɗa baƙi? Rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010 sun raba unguwanni, makarantu suka bi sahu, kuma yaran wancan lokaci su ne iyayen ɗalibanmu na yau. Malami yana ganin yaron da ke firgita da ƙarar rufe ƙofa, bai san abin da zai yi masa ba sai tsawa. Sannan ga abin da ya fi ɗaure mini kai: yarinyar da ta kasa riƙe jadawalin sau bakwai da safe, ita ce da yamma take kawo hadda shafi guda a Islamiyya ba gargada. Tun 1885 Hermann Ebbinghaus a Jamus ya nuna yadda mantuwa ke cin abin da aka koya cikin sauri idan ba a waiwaye shi ba, da yadda maimaici a rarrabe ke tsayar da shi. Alarammomin tsangaya sun daɗe suna yin haka da tishi da tilawar asuba. Wane masani ne zai zauna da su ya auna abin da ke aiki, ya nuna mana yadda za mu ɗauko shi zuwa darasin lissafi?

Na kawo kuka gare ka ne saboda kai ke riƙe da bakin jaka. Harajin ilimi na asusun, wanda ya fara da kashi 2 cikin ɗari na ribar kamfanoni a 1993, ya kai kashi 3 a 2023, kuma sharaɗin da mai bayarwa ya gindaya shi ake bi. A Birtaniya, tun zagayen 2014 na tantance binciken jami'o'i aka ware kashi 20 na maki ga amfanin da aikin ya yi a wajen jami'a, a 2021 aka ɗaga zuwa kashi 25. Ba sai mun kwafe su ba, amma ya nuna abu ne mai yiwuwa.

Roƙona shi ne duk binciken da ya shafi makarantu, kada a saki kashin ƙarshe na kuɗinsa sai mai shi ya koma makarantun da ya yi aiki da su, ya zauna da malamai, ya bar musu bayani na shafi biyu cikin harshen da suke koyarwa da shi, shugaban makaranta ya sa hannu. A aika kwafi ga SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jihar, da NERDC da ke Sheda, hukumar ƙasa mai tsara manhaja. A kuma ware wani kaso ga bincike mai dogon zango, wanda zai bi rukunin yara guda daga aji ɗaya zuwa aji shida, a haɗa malamin Jami'ar Jos da na manyan makarantun horar da malamai da ke Gindiri ko Pankshin da malaman firamare a matsayin abokan aiki, sunayensu a kan takardar. Batun ƙarin girma na majalisun jami'o'i ne da NUC, hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, na sani, amma idan ka tayar da maganar za a saurare ka fiye da yadda za a saurare ni.

Idan asusun zai gwada wannan tsari a wasu makarantu tukuna, makarantarmu a shirye take, kuma na tabbata takwarorina a Jos ba za su ƙi ba.

Ka huta lafiya.

Taka mai biyayya,
Shugabar wata makarantar firamare, Jos ta Arewa, Jihar Filato