Abin da ke sa mai saniyar tatsa shuka ciyawa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ɗan fili a jaridarka in yi magana kan noman ciyawa. Tun da aka kafa ma'aikatar kiwo ta tarayya a 2024 ake ta kiran makiyaya su zauna wuri ɗaya su noma abincin dabbobinsu, amma ba kasafai ake tambayar waɗanda suka riga suka fara me ya kai su ba.

Bazara ce ta kai su. Da can, idan an gama girbi, makiyayi yakan shigar da shanunsa gona su ci kara su bar taki, har mai gona ya yi masa godiya da damin dawa. Yau kara da harawa kuɗi ne. Mai gona kwashewa yake ya jibge a kan bishiya ko rufin ɗaki, yana jiran watan Maris. An nome burtali, fadama kuma ta koma ta tumatir da albasa. Bunajin da ake samun lita ɗaya ko biyu a jikinta da damina, in bazara ta yi tsanani ƙashin haƙarƙarinta kake ƙirgawa. A tatse ta maraƙi ya kwana da yunwa, a bar wa maraƙi gida ya rasa na cefane. A daidai lokacin ne kuma dusa da angurya ke tashi. Mutum ya sayar da maraƙi don ya ciyar da uwarsa sau ɗaya, sau biyu, ba ya buƙatar malamin gona ya gaya masa amfanin ware gefen gona ya shuka lablab (wani irin wake mai yaɗo da dabbobi ke ci), ko gamba, ko waken da ke ba da ƙwaya da harawa gaba ɗaya, irin wanda cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, IITA, ta yi aiki a kansa a Kano. Lablab da wake ma suna ƙara wa ƙasa ƙarfi, masarar da ta biyo baya takan nuna.

Sai dai, Edita, wannan ba sabon abu ba ne, kuma a nan damuwata take. A shekarun 1980 masu bincike na cibiyar nazarin kiwon dabbobi ta Afirka, ILCA, sun gwada shi da Fulanin Kachiya a jihar Kaduna: a killace fili kamar hekta 4, a shuka ciyawar sitailo (wata ciyawa ce dangin wake), da rani a riƙa shigar da shanun tatsa da masu ciki su ci na 'yan awoyi kullum. Shanun sun amfana, amma abin bai bazu yadda aka so ba. Wayar shinge tsada gare ta, wutar daji na lashe aikin shekara cikin yini guda, kuma wanda aro aka ba shi filin da yake zaune ba zai kafa shinge a kai ba, tunda gobe ana iya cewa ya tashi.

Sannan akwai kasuwa. Inda na ga noman ciyawa ya kama ƙasa, akwai mai sayen madara kullum safiya, yana biya a kan lokaci, damina da rani. In babu shi, ƙarin madarar tsami za ta yi a ƙwarya. Kada kuma a manta cewa a gidan Bafulatani shanu na maigida ne, amma nono da man shanu na uwargida ne. Duk shirin da ya tara maza a ƙarƙashin rumfa ya raba musu iri, ya bar wadda ke ɗaukar ƙwarya zuwa kasuwa, ya tsallake mutumin da ya fi kowa sanin ranar da nono ya ragu.

Iri da ilimi muna da su a cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa, NAPRI, da ke Shika, kusa da Zariya. Abin da nake roƙon gwamnoninmu shi ne takardar mallakar fili ga makiyayin da ya zauna, da rancen wayar shinge mai sauƙin biya, da wurin tara madara mai sanyi kusa da ruga. Kai kuma, Edita, don Allah ka tura wakilinka Ladduga, mazaunin makiyaya da ke Kachiya, a watan Afrilu, kafin ruwa ya sauka, ya zauna da matan ya ji daga bakinsu.

Naka mai karatu,
Wani manomi daga Giwa, jihar Kaduna