Godiya ta musamman ga nas-nas na asibitin Kware

Assalamu alaikum. Wagga godiya ta daɗe tana cina a rai, yau dai na ce sai na fiddo ta kowa ya gani, zuwa ga ma'aikatan jinya na asibitin masu taɓin hankali na tarayya da ke Kware.

Ƙanena munka kai, tramol da kodin sunka juya mai kai (wai an hana kodin tun 2018, amma ku zo unguwa ku gani). Kafin nan mun yi ruƙiyya, mun yi hayaƙi, har sarƙa munka sa mai a ƙafa, Allah Ya yafe muna, don ya fasa talabijin ya ɗaga ma Inna hannu. Mu huɗu munka danne shi cikin mota tun daga Mabera har hanyar Illela yana zaginmu.

Da isarmu wani nas ya matso yana kiran sunanshi a hankali, kawai yaron nan ya tofa mai miyau a fuska ya kai mai mari, tabarau ya faɗi ya tsage, aljihun farar rigarshi ya yage. Wallahi na zabura zan rama mai, sai ya riƙe min hannu ya ce "Yaya bari, ba shi ba ne, ciwon ne." Ya share fuska, sunka taru sunka kwantar da shi anka yi mai allura, kuma abu na farko da ya ce bayan nan shi ne a kwance sarƙar nan.

Ni da munka sha nono ɗaya na kasa haƙurin sati biyu. Su kuwa kullum ne, wanga ya zage su, wancan ya yi cizo, wani ya ƙi magani sai an yi ta lallashi awa jariri, ga dutin dare ga zafin Sakkwato, sannan su koma gida yara na jira. Wata sista ta ce min in ta tashi aiki sai ta zauna shiru ta ɗan huce kafin ta hau mashin, kar ta kai ma 'ya'yanta hayaniyar wodi.

Yanzu yaro ya koma shagon ɗinkinshi, muna zuwa kilinik karɓar magani. Ranar da ya ji abin da ya yi kuka ya yi ta yi, ya kai kuɗin tabarau, nas ɗin ya ƙi karɓa ya ce ya sai ma Inna goro.

Allah Ya saka muku da alheri, Ya tsare ku, Ya jiƙan mahaifa.

Naku, wani ɗan'uwa daga Mabera, Sakkwato.